Inna Ta Daina Sayar da Ƙwan Zabinta

Zuwa ga Shugaban masu shagunan magani na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da jama'arka suna lafiya. Ni malamin firamare ne a Safana, mahaifiyata Inna kuma tana Karare. Ƙarar wani mai shago daga cikin mutanenka na kawo, amma wallahi da farin ciki nake rubutun nan.

Na ɗaya. Damina biyu da suka wuce yanar ido ta rufe wa Inna gani, har tsakuwa ta gagare ta tsincewa a gero. Mai shagon nan ya sayar mata da wata ƙwayar magani wai ita lutin, ya rantse za ta narkar da yanar, ya kuma tsorata ta wai a asibiti ƙwaƙule ido ake yi.

Na biyu. Don kada ƙwayar ta yanke, Inna ta hana bakinta ƙwan zabinta da zogalen bayan ɗakinta, duk ta riƙa aikawa kasuwa. Ni ma da laifina. Na ga kwalba da rubutun Turanci, sai na yi shiru, ni da ake kira malam.

Na uku. Da ta fara laluben bango, na ɗora ta a babur tana faɗa, daga tasha muka shiga mota zuwa asibiti a Katsina. Likita ta ce ƙwayar ba guba ba ce in an bi ƙa'ida, tana ma taimakon wasu tsofaffi masu wata lalura daban a can cikin ido, amma ba ta cire yana. Ta ƙara da cewa lutin ɗin yana cikin ganye irin zogale da alayyahu, da gwaiduwar ƙwai. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Abin da muke nema a kwalba shi muke sayarwa.

An yi aiki, ido ya buɗe, alhamdu lillahi. Abin da ta fara gani furfurar gemuna, ta ce ashe na tsufa ba a gaya mata ba. Yanzu ita ke cin ƙwanta.

Roƙona: ku sayar da lutin da gaskiyarsa, mai yana kuma ku tura shi asibiti. Sannan a gaya wa mutumin nan ya buɗe shago ranar kasuwa. Muryarsa kawai Inna ta sani, ta ce za ta zo da ƙafarta ta ga fuskarsa.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka ganinka.

Wassalam.

Naka, ɗan Inna, Safana.