Guɗa Ta Cikin Waya

Litinin, 14 ga Satumba, 2020

Mun gama jarrabawa, kowa ta koma garinsu, ni ina nan Ƙofa. Malama Barakatu, shugabar makarantarmu ta Tudun Wada, ta kira ni a wayar Yaya Mujitaba. Wai babu taron yaye ɗalibai bana saboda korona. Na ce, "Malama, guɗar fa?" Don mu a makarantarmu haka ake yi: a kira sunanki da na babanki, mahaifiyarki ta miƙe cikin jama'a ta rangaɗa miki guɗa. Tun ina aji ɗaya nake jiran ta Umma. Malama ta ce, "Ke ce shugabar ɗalibai, Bushira, ki nemo mana dabara." Raina ya ɓaci har tuwo na kasa ci.

Laraba, 16 ga Satumba

Mun gwada kiran bidiyo. Fuskar Fiddausi ta daskare baki a buɗe, Khadija ta Badafi murya ba fuska, ni kuma data ta ƙare ina tsakiyar sallama. Yaya Mujitaba ya yi dariya har da riƙe ciki. Zai gani.

Alhamis, 17 ga Satumba

Ina cikin tankaɗe dabara ta faɗo mini. Guɗa ai ba ganinta ake yi ba, ji ake yi! Mu buɗe zauren WhatsApp. Malama ta kira suna ta saƙon murya, uwar yarinya ta amsa da guɗa ta saƙon murya. Shi ko da rarrafe yana isa, ko sabis layi ɗaya ne. Malama ta ce Allah ya yi mini albarka. Yau kam Yaya bai yi dariya ba.

Asabar, 19 ga Satumba

Kowa ta shigo zaure, da wayar baba, da ta yaya, da ta maƙwabci. Saura Ramla.

Ramla Inusa, ta gefen Falgore. Ita ce ta ɗaya, ni ta biyu, kullum haka, har na gaji da ganin ƙeyarta. Ba ma faɗa, amma ba ma shiri. Can wajensu sai an hau dutsen bayan gari ake samun sabis. Yau babanta ya hau da ita, na same ta. Ta ce a cire sunanta.

Na manta gaba ɗaya, mahaifiyarta ta rasu muna aji biyu, kuma ba mace a gidan sai ita. Ta ce, "A taro ko ba a yi mini ba, hayaniya za ta rufe. A waya kuwa kowa zai ji shirun." Sai layin ya yanke.

Malama ta ce idan har Ramla ta dage, da sunana za a buɗe. Zuciyata ta ɗan yi tsalle, ba zan ɓoye ba.

Lahadi, 20 ga Satumba

Ban ce a cire ba, ban ce a bari ba.

Talata, 22 ga Satumba

Na gaya wa Umma, wai ina ba ta labari ne kawai. Ta ajiye muciya ta kalle ni. "'Yar mutane ta zo ta ɗaya, a yi mata shiru, ina da rai? Maƙoshin nan ya isa yara biyu."

Da ƙyar na sake samun Ramla. Na ce mata ni ba na karɓar na ɗaya a sadaka, ta hau dutse ranar Asabar da hantsi ta saurara, Umma ta ɗauki nauyinta. Ta ce sai ta gani. Yarinyar nan akwai taurin kai.

Alhamis, 24 ga Satumba

Umma ta yi ta gwaji jiya har maƙwabta suka shigo tambayar wa ya haihu. Da yamma kuma ruwa ya doke ta a hanyar gona. Yau ta tashi murya ta dishe gaba ɗaya. Ba zazzaɓi, tana jin ƙanshin miya sarai, amma masu gaisuwa daga bakin ƙofa suke tsayawa, tsoron korona. Citta, kanumfari, zuma, babu wanda ba mu dafa ba. Na yi wa yarinya alkawari, ga shi ko tawa guɗar babu tabbas.

Asabar, 26 ga Satumba

Yau kam dole in rubuta.

Na yi wanka na sa kayan makaranta, na zauna kan tabarma a tsakar gida kamar mai jiran baƙi. Yaya ya riƙe waya. Liman ya turo addu'a, na tura jawabina na shugabar ɗalibai, Malama ta turo nata. Sai ga muryarta: "Ta ɗaya, Ramla Inusa Falgore."

Umma ta kama hanci, ta buɗe baki. Iska kawai. Ta sake, sai tari. Zaure ya yi tsit, babu uwar da ta motsa, kowa tana jiran tata 'yar. Na duba na ga alamar Ramla ta buɗe saƙon. Tana kan dutse ke nan, tana jin abin da ta ce za ta ji.

Ban san lokacin da na fizge wayar ba. Budurwa da guɗa, a gaban yayanta! Na toshe hanci na ƙwalla. Abin da ya fito, Allah na tuba, kamar an taka akuya. Kaji suka watse. Na tura kafin kunya ta kama ni.

Sai ga ta maman Khadija daga Badafi. Sai ta kakar Fiddausi. Sai wata daga bakin ruwan Tiga, har ana jin injin ban ruwa a bayanta. Kiru, Bebeji, Doguwa, waya sai ƙara take yi, Malama na rubuta a dakata, babu mai dakatawa. Umma na hawaye tana dukan cinyata.

Da ƙura ta lafa Malama ta ce, "Ta biyu, Bushira Ɗahiru Ƙofa." Umma ta kalle ni, ta nuna maƙoshinta, ta girgiza kai. Na ce ba komai, ƙarya nake yi.

Saƙon da ya fara shigowa daga lambar Malam Inusa ne. Iska na busawa, shanu na kuka can ƙasa, ga muryar babanta, "Yi mana, Ramla, yi!" Ta yi. Wallahi ta fi tawa muni. Ita ma iyaye suka bi bayanta.

Daga nan kowace yarinya sai ta samu guɗar gari guda. Mun kai azahar ba a gama ba, sai da muka ari cajin maƙwabta. An kira kowa, ba a yi wa kowa shiru ba. Mun yi! Yaya Mujitaba da kansa yake yawo da waya ƙofar gida yana cewa ƙanwarsa ce ta haɗa.

Litinin, 28 ga Satumba

Muryar Umma ta dawo, ta biya ni bashin guɗata har maƙwabta suka sake shigowa. Malama ta ce ko korona ta wuce, ba za a koma kowace uwa ta yi wa 'yarta kaɗai guɗa ba.

Ramla ta turo saƙo: "Bushira, ki riƙa gwaji, kin kori kajin Ƙofa." Na ce ita ta kori shanun Falgore. Ta ce idan sakamako ya fito mu nemi makaranta ɗaya. Na ce sai na gani.

Yaya ya ce wayarsa ta cika, in goge saƙonnin. Na goge jawabina, na goge na mutane da yawa. Saƙon guɗar Ramla kam na bar shi. Ba don komai ba, ƙarami ne, ba ya cin wuri.