Siririyar Laftof Ta Ja Mini

Anti, don Allah ki agaza mini, takaici ya ishe ni.

Zanen taswirar gini nake yi a wani ofis. Bara da zan sayi laftof na tafi da Yayana, tunda gyaran kwamfuta ce sana'arsa. Ya zaɓa mini wata mai kauri, wai ana kwance bayanta a ƙara mata ram, wato abin da ke ba ta ƙarfin ɗaukar aiki mai nauyi. Ni kuwa idona na kan wata siririya mai sheƙi irin ta oganmu. A gaban mai shago na ce masa ba bulo na zo saya ba. Aka kwashe da dariya. Na biya kuɗin siririyar muka tafi.

To yau ga ni. An kawo sabuwar manhajar zane, da na buɗe zanen gidan bene sai laftof ɗin ta sandare, fankarta na kuka, ina zaune kamar mai gadi. Makon jiya a gaban mai gini ta yi mini haka. Oga ya ƙwace aikin ya ba wanda ni na koya wa zanen, ya ce wata ɗaya ya ba ni in nemi mafita. Na kai laftof ɗin wurin wani mai gyara a ɓoye, ya ce da dalma aka liƙe ram ɗin, ba zancen ƙari. Ashe abokin Yaya ne, labarin ya riga ni isa gida. Har yau Yaya bai tanka ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

Yanzu dole in sake wata. Mai kaurin zan saya? Ni fa kafaɗata ce ke shan nauyin jaka kullum, ba tasa ba.

Mai Cizon Yatsa

Ƙanwata, sannu. Kukan kafaɗarki gaskiya ne. Wanda aikinsa rubutu ne kawai, siririya ta ishe shi shekaru. Ke kuwa manhajarki kullum ƙara nauyi take yi, don haka nemi wadda ake ƙara wa ram da ma'ajiya. Sai dai gurbin ƙari ba ya gyara inji mai rauni, a duba ƙarfinsa tukuna. Akwai masu matsakaicin nauyi, kada ki biya a shago sai an gwada miki manhajar a kanta.

Wanda ya fi sanin wannan kuwa yana gidanku. Ke kike jin haushi, amma shi aka yi wa dariya a kan sana'arsa. Ki ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ki roƙe shi ya raka ki, wannan karon ki bar shi ya gama magana. Wata ɗaya ba ya jira, ki je yau.

Allah ya tsare miki aikinki, ya sanyaya zuciyar Yaya.