Wuyan Alfadari Ja Ne

Zuwa ga ɗana Idir, a Kazablanka.

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwar da uba ke yi wa ɗansa, tare da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Fadma da 'yarku Tiziri. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku da tsarewarsa. Mu nan kan dutse sai godiya. Dusar ƙanƙara ta sauka sosai bana, ta kai gwiwa a bakin ƙofa. Ƙirjina yana nan yadda ka bar shi, tari safe da yamma, ƙafar hagu kuma ba ta ɗaukata sai da sanda. Tun da matata Itto ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ni da abokin hira a gidan nan sai butar shayi. Tuda, matar maƙwabcina Hammu, takan miƙo mini gurasar sha'ir da miya, Allah ya saka mata. Ka yi haƙuri da rubutun.

Hammu ya kawo mini sabuwar taswirar hanyoyin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da ofishinku ya buga, na ga sunanka a ƙasa. Na sa tabarau, na cire, na goge, na sake sawa. Hanyar Wuyan Alfadari an sa mata shuɗi! Idir, ba ni na ɗaura maka katakon zamiya a ƙafa kana shekara shida ba, shekarar da ubanka Assu ya rasu ka dawo hannuna? Ba ni na koya maka cewa kore na wanda bai taɓa zamiya ba ne, shuɗi na wanda ya iya tsayawa, ja na wanda ya iya juyawa a kan ƙanƙara mai tauri, baƙi kuwa na mahaukata ne da 'yan gidanmu? Baƙo bai san dutse ba. Launin turken da aka kafa a gefen hanya kawai yake dubawa ya miƙa masa ransa.

Da na kira ka a wayar Hammu, dariya ka yi. Ka ce wai na'ura ta auna gangaren daga sama, bai kai na ja ba, wai masu zuwa da iyali suna son a ƙara musu shuɗi, wai Baffa zamani ya canza. To zamani ya canza, rana ita ma ta canza hanya? Shekara talatin da huɗu ina kafa turakun hanyar nan, na fi na'urarka sanin cewa ba ta da tsayi. Akuya mai ciki ma za ta sauko ta. Ba don tsayi muka shafa mata ja ba. A lanƙwasa ta uku, ƙarƙashin babban dutsen nan, rana tana narkar da dusar da hantsi, in la'asar ta yi inuwa ta rufe wurin, ruwan ya daskare ya koma madubi. Hagu da shi kuma kwazazzabo ne. Ni da ubanka muka ciro wani saurayi daga cikinsa da igiya, bai kai asibiti ba, washegari Assu ya ɗauko fenti ja da hannunsa. Na'urarka ta zo da rani, lokacin da tumaki ke kiwo a wurin.

Yanzu ka ji abin da shuɗinka ya yi. Ranar Juma'a wata malamar makaranta daga Marakish, kwananta biyu da fara zamiya, ta bi turakun bayan la'asar. Da ta kai lanƙwasa ta uku ƙafafunta suka tafi suka bar ta. Wani tsohon turke da na kafa, wanda ma'aikatanku suka yi kasalar cirewa, shi ya tare ta taku huɗu daga bakin kwazazzabon. Cinyarta ta karye. Hammu ne ya jawo ta ƙasa da alfadarinsa, ya ce duk hanya abu ɗaya take maimaitawa, wai ai shuɗi ne, ai shuɗi ne. Ya ce in gaya maka, alfadarin nan bai je makaranta ba amma bai taɓa taka wurin bayan la'asar ba, ko za ku ɗauke shi aiki a ofis.

Na ja ƙafa na je wurin sabon shugaban filin zamiyar, mai baƙin tabarau ko a cikin ɗaki. Ya kira ni Kaka, ya ce matar ce ta yi ganganci, ya ce in koma gida in sha shayi kafin iska ta ɗauke ni. Na ce masa lokacin da nake kafa turaku a cikin hazo, uwarsa ma ba ta yi wayo ba. Ƙarshe dai ya ce ba shi da ikon taɓa launi sai da takarda daga ofis. Ofishinka ke nan, Idir. Hannunka ke nan.

Saura kwana goma sha biyu a ba da hutun makaranta. Ka san yadda ake yi: motoci su cika fili, malamai su jera yara ashirin ashirin, su nemi shuɗi, su sake su. Kuma Tuda ta ce Fadma ta gaya mata za ka kawo Tiziri bana ta koya. Shekara uku ina roƙonka ka kawo mini yarinyar nan in gan ta. A kan wannan hanyar za ka kawo ta?

To ga abin da na yanke. Daga gobe Hammu zai ɗora ni a kan alfadari, da kujerata, ya kai ni bakin Wuyan Alfadari. Zan ɗaura jan mayafin Itto a kan sandata, in zauna daga azahar har a rufe, duk wanda ya zo da ƙafar koyo in mayar da shi. Malamar asibiti ta ce ƙirjina ba zai yi mako ɗaya a sanyin can ba. Na ce mata ba ni za ta gaya wa ba, ta rubuta wa Kazablanka. Ba na neman ka ce na yi gaskiya, ba na neman ka ba ni haƙuri. Layi ɗaya za ka rubuta, cewa Wuyan Alfadari ja ne, ka sa hannu, in sauko.

Ka gaishe mini da Fadma, ka gaya mata ba da ita nake ba. Ka shafa kan Tiziri. Ka gai da gwaggonka Rkiya in ka leƙa ta, amma kada ka gaya mata zancen kujera. Hammu da Tuda suna gaishe ku. In kun zo ba ku same ni a gida ba, kun san inda nake. In kuma kun tarar na daskare a kan kujerar, ka fara shafa wa turakun ja tukuna, sannan ka binne ni kusa da Assu.

Baffanka da ya raine ka,
Bihi.