Ciyawar Baba Ba Ta Fito Ba

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya jikin naka, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Kusfa lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Ka tuna 'yar ciyawar fadamarmu mai fararen kawuna kamar maɓalli? Marigayi Baba ba ya haƙa rijiyar lambu sai inda ta tsiro. Jiya na zaga fadamar kaf, ko ɗaya ban gani ba. Maƙwabcinmu Malam Idi cewa ya yi, "An cike rafin da marmara, ina za ta fito?" Ga albasa ta isa dashe, ban san inda zan haƙa ba.

Ka gaida Hajiya da yara. Ka sa mu a addu'a, Yaya, don tun rasuwar Baba ita kaɗai ke nuna mana ruwa.

Ƙaninka,
Lawal