Kukan Sauro a Cikin Ƙarfe

Zuwa ga Uwata, injiniyar gidanmu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da abokan aikinki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Innarki da ke yi mata tsiya in hadari ya haɗo, ni kuma sai zaman ritaya, wanda ba ciwo ba ne amma yana gajiyar da mutum.

Tun ina sabon shiga aikin duba gadoji na taɓa jin wata jita-jita a bakin tsofaffin ma'aikata. Wai kunnen mai guduma daga sama yake mutuwa: siririn sauti ne ke fara tafiya, mai kauri ya zauna, kuma wai mai kunnen shi ne na ƙarshen sani. Ban yarda ba. Na ɗauka irin maganar nan ce da tsoho ke yi don ya tsorata mai jini a jika. Ga shi na yi shekara arba'in da ɗaya ina ƙwanƙwasa ƙarfe, na ajiye guduma bara da kunnena garau. Wasiƙarki ce ta tuno mini da zancen, da kika ce za ki yi wa kwamfuta kunne.

Bari in maimaita abin da na fahimta, in na kauce ki dawo da ni. Shekara goma sha biyu ofishinmu ya yi yana tura wata na'ura a bayana. Duk inda na ƙwanƙwasa, sai a manna mata baki a wurin, ta aika wani sauti da ya fi ƙarfin kunnen mutum cikin ƙarfen, ta ajiye amsar da ta dawo, kamar hoton cikin da ake yi wa mata a asibiti. Aka yi ta tarawa, ba mai lokacin karantawa. Yanzu ke za ki ɗauki kowace amsa ki haɗa ta da hukuncin da na rubuta a littafina ran nan, lafiya ko tsaga, ki yi ta nuna wa kwamfuta dubu bisa dubu, tana tacewa rariya bisa rariya, har ta iya yanke hukunci da kanta. Kin ce sunan abin koyo mai zurfi. A zamaninmu duk koyo mai zurfi ne. Wanda bai yi zurfi ba, maigida ya zurfafa shi da ranƙwashi.

Ga sirrin da babu a littafi. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da dogon amo. Mai babbar tsaga kuwa ko kurma ya san shi, don kamar fasasshiyar ƙwarya yake. Macijin shi ne siririyar tsaga a gefen walda. Amonta daidai yake da na lafiyayye, sai dai can a samansa akwai ɗan zuzu kamar kukan sauro. Wannan sauron na yi ta farauta har aka sa mini suna Kunnen Gada.

Littattafan goma sha biyu, kowace shekara da nata, suna hanya, Innarki ta naɗe su a tsohon zanenta kamar jarirai. Ta ce in gaya miki ki riƙa cin abinci a zaune. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Kunnen Gada

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ya gajiyar aiki? Ya maigidan naki, har yanzu yana fama da motar nan da ba ta tashi sai an roƙe ta? Mu nan sai godiya.

Na karanta wasiƙarki sau uku, na ga inda alƙalaminki ya danne takarda. Kin ce ɗalibar taki, wato kwamfutar, ta haddace manyan tsagogi tsaf, amma da kuka gwada ta da farantan ƙarfen da kuka tsaga da gangan, masu tsaga siririya kamar gashi, sai ta ce lafiyarsu ƙalau. Kin ce saura wata guda ku kai ta gaban kwamiti, kuma in ta ci, aikinta na farko shi ne gadar ƙafa da ke ƙetare layin dogo a bakin makaranta. Kin ce kin bincike lissafinki har idonki ya yi ja, kin fara tunanin ko kanki ne bai kai ba.

Wannan maganar ta ƙarshe kada in sake jin ta. Ke da tun kina shekara bakwai kika kwance rediyona kika mayar, har da ragowar kusoshi biyu, kuma ya fi da magana?

Shawarata, ku duba na'urar da ta ɗauki sautin. Wayarta ta sha rana, kuma mutumin da ke riƙe ta ya fi son inuwa da aiki. Ku duba kuma man da ake shafawa kafin a manna ta. In ba nan ba, to ɗalibar ce mai taurin kai, ki ƙara mata darasi. Littattafaina kam ki bar su, ba inda suka yi ƙarya. Gadar makarantar ma ni na duba ta shekara biyu da suka wuce, walda ɗari da sittin, na sa mata hannu.

Da nake karanta wa Innarki wasiƙar, sai ta ajiye tsintsiya ta ce ita ba ta san boko ba, amma ta san yaro bakin uwarsa yake ɗauka. Na ce wa ya tambaye ta? Ta ce ba kowa, da bango take. Kin san halinta. Kwanan nan ma ta ɗauki sabon salo, sai ta zagayo gabana ta tsaya kafin ta yi mini magana, kamar mai kai ƙara.

Ki aiko mini da farantin guda ɗaya, mafi siririyar tsaga, kada ki yi masa alama. Zan buga shi sau ɗaya in gaya miki inda sauron yake, ki je ki kunyata kwamfutar a gaban ƙawayenta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Wani labarin daɗi kuma: sauron unguwarmu ya yi hankali. Yana cizo dai, amma ya daina yi wa mutane waƙa a kunne. Ina jin maganin da ake fesawa ne.

Ki gaida kowa.

Naki,
Baba

*

Uwata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, wannan wasiƙar ta fi 'yan uwanta nauyi, kuma sau huɗu ina fara ta ina yagewa.

Farantin ya iso ranar Talata. Na rataye shi da zare a ƙofar ɗaki, na ɗauko gudumata daga ƙarƙashin gado, na goge ta. Na buga. Amo ya fito dogo, mai daɗi. Na juya shi na buga, na bi gefe huɗu da tsakiya. Uwata, da a kan gada na same shi, da na rubuta lafiya na wuce. Alhali ke da hannunki kika tsaga shi.

Na daɗe a tsaye da guduma a hannu. Sai tatsuniyar kakata ta faɗo mini, ta gurguwar agwagwa da ta reni 'yan tsaki. Ta ci da su, ta kare su daga shaho, ba abin da ta rage musu. Da suka girma, duk garin aka san su, don kowanne yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma ba wanda ƙafarsa ke ciwo. Ɗalibarki ba ta da laifi, lissafinki ma haka. An yi ta nuna mata sauro ana cewa lafiya, ita kuma ta yi ladabi ta yarda. Ɗingishina ta koya.

Washegari na tafi asibiti ban gaya wa kowa ba. Suka sa ni a wani ɗaki kamar akwati, suka rufe mini kunne, aka ce in na ji ƙara in danna. Na yi ta dannawa, sannan na zauna ina jira a ci gaba, ashe ana ta ci gaba. Likitan, wanda bai kai ki shekaru ba, ya zana mini layi a takarda, ya tafi sambal sannan ya gangara kamar bakin rafi. Ya maimaita mini maganar tsofaffin nan kusan kalma da kalma, sai dai shi da tabarau. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce wannan na'urarsa ba ta sani ba.

Nan hankalina ya tashi, don na san abin da kike bukata ke nan. In ba a san shekarar ba, littattafan duka sun zama shara, ke kuma ba ki da abin koyarwa.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kwana biyu ina shawara da shaiɗan. Ya ce ai ka yi ritaya, an ba ka agogon bango da sunanka a jiki, ka bar yarinya ta ɗora wa waya laifi. Sai na bi ta bakin makarantar da rana tsaka, lokacin tashi. Na tsaya ƙarƙashin gadar ina jin ƙafafunsu a sama kamar ruwan ƙanƙara. Wannan kam na ji shi sarai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na rubuta wa ofis da hannuna, na ce a sake duba duk gadar da na sa wa hannu a shekarun baya-bayan nan, a fara da wannan, kuma kada a jira kwamiti. Jiya sun sa mata shinge, an tsayar da mai tuta yana ƙetarar da yara. Sunan Kunnen Gada kuwa, wanda ya ga ya dace da shi ya ɗauka.

Ga abin da za ki yi. Ki riƙe littafi na ɗaya zuwa na shida, waɗannan na tsaya musu ko a gaban alƙali. Na bakwai zuwa na goma sha biyu ki cire su daga darasi. Kada ki ƙona, in ɗalibar ta warke ki ba ta su ta yi wa malaminta gyara.

Za ki ce ina na samo shekarar. Kin tuna butar shayin nan mai fito da kika sayo mana da albashinki na farko, wadda aka ce miki ta ɓace? Ba ta ɓace ba. Wata safiya, mako biyu bayan bikinki, ta yi ta fito har maƙwabta suka leƙo, ruwan ya ƙone, gindinta ya huje, ni kuwa ina zaune taku uku da ita ina karanta jarida. Aka ɗauke ta aka ɓoye a bayan buhunan ɗakin ajiya, aka sayo marar fito. Tun ran nan ake zagayowa gabana kafin a yi mini magana. Shekara shida ke nan cif, kin fi kowa sanin lissafin.

Da na dawo daga kai takardar ofis, na tarar da butar a kan tabarmata, baƙa ƙirin, an ajiye ta kusa da farantinki. Na ce don me ba a gaya mini ba tun a lokacin? Aka ce an gaya mini har sau uku, a hankali, don kada a kunyata ni, da 'yar siririyar muryar nan da na ce na aura saboda daɗinta. Aka ce da na yi shiru, an ɗauka na ji ne na ƙi zancen, an kuma ɗauka na'urar da ke bina tana kama abin da ya wuce ni. Sannan aka ɗauki cokali aka buga farantin, aka ce ga sauronka nan, tsoho, a kusurwar dama, tun ranar Talata yake damun mutane. Ki duba takardunki ki gaya mini ko ta canka.

To, kin ji. Maganar da na fara ji a bakin tsofaffi na ƙaryata, likita ya maimaita na gaskata, wadda ta faɗa mini ita a ƙarshe, da ƙarfi, tana riƙe da haɓata don in ga bakinta, Innarki ce.

Tana gaishe ki. Ta ce ki ci abinci a zaune.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Mijin Mai Kunne