Ɓauren da ke Gangaren Wabe

Shashamane, 29 ga Zulƙi'ida

Zuwa ga yayata Makiya, matar marigayi yayana Awol,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Hindiya. Ki yi haƙuri da na bar Jimma ban yi miki sallama ba. Ranar da Hindiya ta ce mini bana za ku shiga mota ku je ziyarar Shehu Husaini a Anajina, ku ga kabarin babanta, washegari na ɗauki sandata mai baki biyu na kama hanya. Ina so in riga ku isa. Da ƙafa muka je ni da Yaya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da ƙafa kuma zan koma.

Masu ziyara kan ci wata guda a hanyar nan. Ni ranar da na fito, kwana goma sha uku ne suka rage mini kafin Arfa. Na wuce ayari huɗu. Ba na tsayawa waƙar yabon Shehu da su, sai dai in damƙi cuko a aljihu, garin sha'ir ɗin nan da man shanu, in ci ina tafe.

Akwai abin da nake so in gaya wa wani. Shekaranjiya da hantsi wata mata ta kira ni shan gahawa a bakin hanya. Ta zuba kofi biyu. Na ce ɗaya ya ishe ni. Ta ce, "Ɗayan na dattijon ne. Kai wane irin abokin tafiya ne, mutum yana jan ƙafa kana zabga sauri kamar an biyo ka?" Na waiwaya. Hanya ce miƙaƙƙiya, ana hango mai zuwa daga nesa, ko akuya babu. Na bar mata gahawarta.

In za ki ba ni amsa, ki ba direban motar gahawa ya ajiye a shagon Haji Kamal a Robe.

Ƙaninki,
Tamam

*

Jimma, 2 ga Zulhajji

Tamam,

Muna amsawa, muna lafiya. Hindiya ce ke rubutawa, ni nake faɗa, don haka in ka ga baƙar magana tawa ce.

Kai dai ba ka canza ba. Tun kana saurayi in aka aike ka kasuwa kake dawowa kafin a tuna abu na biyu da za a saya. Yanzu ga furfura ga ciwon gwiwa, wa kake tsere da shi? Shehu ya shekara ɗaruruwa a kwance, ba tashi zai yi ya bar wurin ba.

Maganar matar gahawa, da farko na ce rana ce ta buge ta. To amma jiya Abba Garo mai niƙa ya zo gaishe ni. Ya ce ranar da ka tafi ya gan ku da safe kuna fita gari. Na ce ku wa? Ya ce kai da wani a bayanka, mai farin mayafi, yana dogara sanda. Ya ce har ya yi masa sallama, mutumin ya ɗaga hannu bai juyo ba. Sai Abba Garo ya kalli ƙasa ya ce, "Makiya, da ban san Awol ya rasu ba." Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

Yanzu ka amsa mini abu ɗaya. A wane gefe kabarin yake? Duk lokacin da na tambaye ka sai ka ce kusa da tafki. Bara ka ce bayan masallaci. Shekara goma sha ɗaya kana kawo mana hatsi, kana gyara mana rufi, amma ba ka taɓa zama ka ci abinci a ɗakina ba. Ni ba yarinya ba ce.

Motarmu za ta tashi ranar biyar ga wata. Allah ya kiyaye hanya.

Yayarka,
Makiya

*

Seru, 7 ga Zulhajji

Yaya Makiya,

Ina gaishe ki. Takardarki ta same ni a Robe. Wannan zan ba wasu mutanen Asasa da za su gangara kogin Wabe yau, su neme ki a masaukin mutanen Jimma a Anajina.

Yanzu ba sai an gaya mini ba, ina jin sa da kunnena. Tari biyu a jere, sannan ƙafa tana jan tsakuwa. A Bokoji yana can nesa. Na ƙara sauri, na yi tafiyar kwana biyu a yini ɗaya, farcen ƙafata biyu suka fita. Da na isa Tico sai ya zama kamar tsawon gona ɗaya ne tsakaninmu. Jiya da azahar wani manomi ya bar shanunsa ya tare ni, ya ce, "Kai ne Tamam? Babanku ya ce ka jira shi, rabin yini kawai."

Yaya Makiya, abin da Awol ya ce mini ke nan a wancan karon. Da waɗannan kalmomin.

Babu kabari a Anajina. Awol bai isa ba.

Saura kwana biyu Arfa muna gangaren Wabe, zazzaɓi ya kama shi, ƙafarsa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya zauna a gindin wani ɓaure ya ce in jira shi rabin yini. Kin san lokacin ni da matata mun shekara tara babu haihuwa, na yi alwashin zan tsaya a ƙofar Shehu ranar Arfa in roƙi Allah. Na ga in na jira ba zan samu ranar ba. Na ajiye masa gorar ruwa da sauran cuko, na ce zan dawo da alfadari. Ya ce, "To, ina nan."

Na isa a kan lokaci. Na ce gobe zan koma, goben ta zo na ce jibi. A rana ta huɗu tsoron abin da zan tarar ya kama ni. Na shiga motar da ke bi ta Jara na zagaye, na zo na tsaya a tsakar gidanki na ce ya cika a wurin Shehu, an binne shi cikin masu albarka. Kika ce alhamdulillahi.

Na fito ne in je ɓauren nan kafin ku iso, ko zan sami ƙashi ɗaya in binne. Ga ni a bakin gangaren tun safe, ƙafata ta ƙi sauka. Yana bayan katangar masallacin da nake zaune. Ya daina tari.

Ban ce ki yafe mini ba.

Tamam

*

Anajina, 11 ga Zulhajji

Tamam,

Sallama. Wannan hannun wani malami ne. Hindiya ta karanta mini takardarka, ta kasa kaiwa ƙarshe, kuma ta ce ba za ta rubuta sunanka ba.

Kwana biyu na yi a wuri ɗaya. Mutane suna ta waƙa suna shafa farar ƙasar wurin a fuska, ni ina zaune. Jiya na tashi na bi rumfunan masu sayar da nono, ina tambayar waɗanda suka fito daga Wabe. Wata tsohuwa mai suna Shamsiya ta ajiye ludayinta ta ce, "Mutumin ɓaure? Mijinki ne?"

Su suka tsince shi, ita da mijinta, suna kora awaki. Kwana shida ya yi da rai, Tamam. Sun so su ɗauke shi zuwa bukkarsu, ga ta can ana hangowa, ya ƙi. Ya ce ƙaninsa zai dawo da alfadari, in bai same shi a nan ba hankalinsa zai tashi. Suka riƙa kai masa nono. Kullum yana tambayarsu ko sun ga wani dogo mai sauri. Ta ce ko sau ɗaya bai zage ka ba, cewa yake cunkoson ziyara ne ya riƙe ka. A nan suka binne shi, suka jera duwatsu.

Ni ban yafe ba. Ban san ranar da zan iya ba, kada ka tambaye ni. Amma na san mijina. Bai taɓa bin mutum don ya cutar da shi ba. Ka tashi daga masallacin nan ka sauka. Ka ce masa za ka dawo, to ka je.

Motar Jimma za ta juya gobe.

Makiya

*

Gindin ɓaure, 14 ga Zulhajji

Yaya Makiya,

Ina gaisuwa. Na sauka. Duwatsun suna nan. Na yi masa addu'a, na zauna tun hantsi ban motsa ba.

Wajen la'asar na ji shi yana gangarowa a hankali. Ya zo ya tsaya a gefena na dama. Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Yaya, na dawo." Ya daɗe a tsaye. Sannan ƙafar ta wuce ni, ta nufi kogi.

Jikar Shamsiya za ta kawo miki wannan. Yanzu shi ne a gaba, ni ina baya, in ya tsaya in tsaya. A yadda yake tafiya za mu yi kwana huɗu ko biyar kafin mu iso. Na san ziyara ta watse. In kin bar motar ta tafi, ku jira mu a ƙofar Shehu.

Ƙaninki,
Tamam