Sunan da Za a Sassaƙa a Dutse

Irkutsk, 9 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taka? Ina fata kana shafa maganin, ba ajiye shi ka yi a taga ba. Ya Goggo Marfa? Ƙanƙarar kogin Lena ta fara fashewa kuwa?

Yau kwanana shida a gidan ajiyar tsofaffin takardu, ina neman shaidar da kwamitin bikin tunawa da kafa ƙauye ya aiko ni nema, cewa kakanmu Luka Sizik, sojan Kosak, shi ya kafa ƙauyenmu a 1675, don a sassaƙa sunansa a dutse. Baba, kaina ya ɗaure. Littattafai huɗu sun faɗi haka, har na fara murna. Da na bi diddigi, ashe kowanne wajen ɗan'uwansa ya kwaso, tushensu duka kuwa littafin limamin coci Serafim ne na 1889, irin wanda kake ɓoyo a akwatinka.

Tsohuwar takarda guda na samu, ita ma kwafi ce, ruwa ya ci rabinta. Akwai Luka a ciki, amma bulala aka yi masa don ya ƙwace wa mafarautan ƙabilar Ebenki fatu. Na tambayi Zinaida Pavlovna, ma'aikaciyar wurin, ko wannan Luka namu ne. Ta ce, "'Yar nan, a zamanin can in kika jefa dutse a bakin kogin Lena, kan wani Luka zai sauka."

Ka gaishe da kowa.

Taka,
Taisiya

Irkutsk, 21 ga Afrilu

Baba,

Wasiƙarka ta iso, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Ka ce limami ba ya ƙarya. Ni ma ban ce ya yi ba.

An fito mini da littafin da Serafim yake rubutun hannu a ciki. Ya faɗi inda ya samo labarin: daga bakin wani manomi, Yefim Sizik, suna shan shayi. Kakan mahaifinka ke nan. Ya ƙara da cewa Yefim ya ce 1675, washegari kuma ya ce 1690, shi sai ya ɗauki na farko. Wato littafin da muke kafa hujja da shi shekara da shekaru, mu ne muka ba shi labarin.

Ba zan iya cewa ƙarya ne ba, mai yiwuwa Yefim gaskiya ya gada. Ba zan kuma iya sa hannu cewa haka aka yi ba. Sau uku ina rubuta wa kwamiti takarda ina yagawa. Ta huɗun na aika, na ce ban samu shaida ba. Na fi so ka ji daga gare ni kafin shugabansu ya zo maka.

Asabar zan iso a jirgin ƙasa na rana. In ban gan ka a tasha ba, na san hanyar gida.

Taka har kullum,
Taisiya